Kunnen Baban Jakunkuna

Shekarun baya, lokacin ina sabon zuwa Dubai, akwai wani dattijo mai shagon jakunkuna kusa da namu a unguwar Naif. Ba Bahaushe ba ne, amma zama da Kanawa ya sa Hausa ta kama bakinsa. Baba muke ce masa. Magana ƙasa-ƙasa, tafiya kamar mai tsoron tashin jariri. Ni da bakina ba ya shiru nakan tsokane shi: "Baba, ka ɗaga murya mana, ba a biyan haraji a kanta!" Sai ya yi murmushi kawai.

Wata Juma'a muka tafi garin Hatta shan iska a gonar wani Balarabe, muka ja Baba da ƙyar. A bayan gonar akwai tsohon ramin ruwa da mutanen dauri suka haƙa a gindin dutse, ya daɗe da ƙafewa. Wani abokina, sarkin karambani, ya kunna fitilar waya ya shige. Can sai muka ji rugum! Ƙura ta turnuƙo, bakin ramin ya toshe.

Innalillahi! Na suri shebur ina ihu ina sara inda na ga dama. Mai gonar ya kira 'yan kwana-kwana, amma akwai tazara kafin su iso, ga mutum a ƙarƙashin ƙasa ba iska.

"Khalas! Kowa ya tsaya!" Wallahi ban san Baba na da irin wannan muryar ba. Ya ce a kashe mota, kowa ya cire takalmi ya zauna. Ya karɓi kwanon da muka ci shinkafa, ya zuba ruwa, ya ajiye a ƙasa. Ya kwanta rub da ciki, kunne a ƙasa, ido a kan ruwan. Ya matsa da kwanon, ya sake matsawa. Sai na ga ruwan yana ɗan rawa.

"Yana da rai, yana buga dutse," in ji shi. "Ta nan za mu shiga. Inda kake sara, ɗana, kansa za ka rufta wa."

Baba ya shiga haƙa daga gefe, a kwance, da ƙaramar fartanya. In ya ci gaba kaɗan sai ya tokare rufin da katakon akwatunan dabino, mu kuma muna janye ƙasa a buhu. Kafin motar ceto ta iso, ya kamo ƙafar abokina. Ya fito fari fat da ƙura, yana tari yana salati.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. "Baba, don Allah ina ka koyi wannan?"

Ya ce a yaƙin ƙasarsu, yana saurayi, sojan rami ne. Suna haƙawa ƙarƙashin sansanin abokan gaba, su ma can suna haƙowa. Shi aikinsa saurare. A can ya saba da raɗa da sanɗa, don tari ɗaya na iya kashe mutum goma.

"Nakan ji mutum yana haƙa, har numfashinsa," ya ce. "Sai in nuna inda za a sa nakiya. Yau ne karon farko da kunnena ya nemo mutum don ya rayu."

Baba ya rasu tuni, Allah ya ji ƙansa, abokina kuwa 'ya'yansa huɗu yanzu. Har yau in na tuna ruwan nan yana rawa a kwanon shinkafa, tsigar jikina tashi take. Ban sake ce masa ya ɗaga murya ba.