Shekara Bakwai Bayan Yaya Sale, Auwalu Ba Shi da Sarki

Da sakin ruwan kanal, wato magudanar noman rani, na bana, Yaya Sale ya cika shekara bakwai a ƙasa. Ba na buƙatar kowa ya tuna mini. Ranar da muka kai shi makwancinsa aka saki ruwa, muna dawowa daga maƙabarta mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya suna nufar gonakinsu. Ban ga laifinsu ba, dashen tumatir ba ya jiran zaman makoki. Tun daga lokacin, duk shekarar da na ji ƙarar ruwan nan sai gabana ya faɗi, bana kuwa faɗuwar ta fi ta kullum.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sale wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba shahararre ba ne. Manomin shinkafa da tumatir ne a wani ƙauye kusa da Kadawa, yana kuma riƙe da 'yar Islamiyyar da mahaifinmu ya bari a zauren gida. Mutum ne mai taurin kai na ƙin ƙarawa. Tun muna yara muke musu da shi ban taɓa kayar da shi ba, ko a ranar da gaskiya take hannuna.

Ɗan farinsa shi ne Auwalu. An haife shi da larurar da 'yan asibiti suka ce ƙwaƙwalwa ba ta girma tare da jiki. Yau ya tara gemu, ya fi ni tsayi, ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tunaninsa na ƙaramin yaro ne. Yana gani, yana ji, yana tafiya da ƙafarsa. A wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa. Yaya ya ce shi bai ga ta kunya ba. Ya goya shi a kafaɗa zuwa gona, ya kira sunansa a tsakiyar kasuwa, ya zauna ya koya masa alwala da gaisuwa da haƙurin da bai taɓa yi da ni ba. Abin da ya fi dagewa a kai shi ne kada Auwalu ya ga babba ɗauke da kaya ya wuce shi. Ya sha wuya kafin wannan ya zauna masa, da ya zauna kuwa ya zauna har abada. Ko buta ka ɗauko sai ya karɓe.

A ƙasarmu akwai tsarin da muka tarar. Makafi suna da Sarkin Makafi, guragu suna da nasu, kurame ma haka. Duk wanda ya zo da tallafi, ko zai ƙirga masu buƙata ta musamman, sarakunan nan yake nema, su kuma su kawo mutanensu. Tsari ne mai kyau, ya rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai irin su Auwalu ba su da sarki. Ba za su iya tsayar da ɗaya daga cikinsu ya yi magana ba, kakanninmu kuma ba su yi tunanin naɗa musu ba, domin a ɗaka ake barinsu. Saboda haka idan aka yi ƙidaya, a takarda babu su.

Yaya ne ya toshe wannan giɓin da jikinsa. Ba a gayyatarsa taro, amma da ya ji ƙishin-ƙishin ɗinsa sai ya sa babbar riga ya hau babur. Idan sarakuna suka jeru a benci, shi ma ya raɓa a ƙarshe, rabin jikinsa a waje. Idan aka zo kansa aka ce, "Malam, kai sarkin su wa?" sai ya miƙe ya fara kiran sunayen yaran ƙauyukanmu da na iyayensu, har sai an gaji an rubuta. Mutane suka laƙaba masa Sarkin Wawaye. Sunan ya ƙona mini rai, na ce masa yana zubar mana da mutuncin gidan malamai. Ya dube ni ya ce, "Idi, in dai za su rubuta yaran, su ƙara mini da rawani."

Da wannan naci aka samu aji guda a Kura, a ƙarƙashin wani shiri na masu ba da tallafi. Aka kawo malama wadda ta karanci aikin, aka ɗauki adaidaita sahu yana bin ƙauyuka yana kwasar yaran da safe. Auwalu a kan gadar kanal yake jira, da hularsa da 'yar jakarsa. A ajin nan ya koyi ɗaura wandonsa da kansa, ya daina cizon hannunsa idan ransa ya ɓaci. Mahaifiyarsa, Yaya Hajara, ta samu ta riƙa yin barcin rana kamar kowace mace.

Bayan rasuwar Yaya masu shirin suka zo duba ko ajin ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi. Suka bi hanyar da kowa yake bi, suka tara sarakuna. Kowa ya kawo mutanensa, ƙarshen benci kuwa babu kowa. Mu ko labarin taron ba mu ji ba, domin ba mu da wanda za a aika wa. Aka ga yankin ba shi da masu wannan larura da za a riƙe aji dominsu, aka mayar da kuɗin wani wuri. Babu wanda ya yi mugunta, wannan ne ma yake hana ni barci. Da akwai mugu, da na san ƙofar da zan je in yi ihu.

Auwalu bai san an rufe ajin ba. An faɗa masa, an sake faɗa masa. Kullum da safe sai ya sa hula ya ɗauki jaka ya tafi gada. Da damina da sauƙi, ruwan ba ya da ƙarfi. Da rani kuwa kanal cike yake yana gudu. Bara ya sunkuya ɗauko hularsa ya afka ruwan, masu lodin tumatir ne suka tsamo shi can ƙasa, cikinsa cike da ruwa. Yaya Hajara ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, idan ta tare ƙofa ture ta yake yi ba da niyya ba. Ni ina injin casar shinkafa tun safe, in na bar injin, gida biyu ba za su ci abinci ba. Dangi suka zauna suka yanke cewa a sa masa marin ƙarfe a ƙafa, a ɗaure shi a turken tsakar gida har ruwa ya janye. Na roƙe su su ba ni zuwa sakin ruwa, domin na ji za a sake ƙidaya.

Na fara da Sarkin Guragu, mutumin kirki, abokin Yaya ne ma. Na roƙe shi ya sa Auwalu cikin mutanensa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ƙafar Auwalu lafiya lau, idan ya sa shi mutanensa za su ce ya sayar da gurbinsu. Sarkin Makafi ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo, ya faɗi kusan haka. Wurin Sarkin Kurame ban ma ƙarasa ba. Wani jami'in shirin ya ba ni shawara, ya ce mu iyaye mu haɗa ƙungiya mu fitar da shugaba. Na bi gidajen da Yaya yake kiran sunayensu. A zaure ake tsayar da ni. Wani ya ce yana da 'yan mata a gabansa, idan aka ji abin yana gidansa wa zai zo nema. Wani ya ce nasu ya rasu. Wani dattijo ya rantse mini ba su da kowa, alhali ina jin yaron yana gurnani a bayan katanga. Iyaye mata su ne suke so, su kuma ba su ake tambaya ba.

Ranar taron ƙidayar na sa babbar rigar Yaya, na riƙo hannun Auwalu, na raɓa a ƙarshen benci kamar yadda yake yi. Aka zo kaina aka yi mini tambayar da ake yi masa. Na buɗe baki, sai na tarar suna ɗaya kawai nake da izinin kira. Shi Yaya bai taɓa neman izinin kowa ba, ya karantar da iyayen yaran nan, babu mai iya ɗaga masa murya. Ni mai casar shinkafa ne. Jami'ar da take rubutu ta saurare ni da mutunci, ta rubuta Auwalu, ta ce, "Baba, wallahi na fahimta, amma ba a buɗe aji saboda mutum ɗaya. Ku kawo sauran." Duk tsawon maganar Auwalu yana tsaye yana riƙe mata jakarta, ya karɓe tun tana saukowa daga mota.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Zai ga hanya ta gyaru, injinan casa sun ƙaru, jami'ai sun daina yawo da takarda sai waya, ana ɗaukar hoton mutum da yatsunsa. Na tabbata zai yaba, sannan ya tambaya wa yake nuna wa wayar ƙofar da za ta shiga. Zai yi faɗa da masu ba da kuɗi da suke ƙirga waɗanda aka kawo musu su ɗauka sun ƙirga kowa. Amma mu zai fi yi wa faɗa, mu da muka yi masa dariya yana raye, muka kasa gadonsa a ƙarshen benci da ya mutu. Roƙona ga duk mai hannu a irin wannan aiki shi ne, idan sarakuna sun gama kawo mutanensu, a tura mata su shiga gidaje su tambayi iyaye mata. Na gaji da roƙo, amma ba ni da abin da ya fi shi.

An saki ruwa a makon nan. Wa'adin da dangi suka ba ni ya cika. Jiya na je wurin maƙeri karɓo marin, Auwalu ya biyo ni, domin ba na iya barinsa shi kaɗai da uwarsa. Na sa an naɗe bakin ƙarfen da tsumma kada ya ci masa ƙafa. Maƙerin bai dube ni ba, ya zuba marin a buhu ya miƙo.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Yaya Sale, ba zan ce ajin ba, an mayar da shi ɗakin ajiyar taki. Islamiyyar tana nan, amma wani ne yake karantarwa. Sunan da aka laƙaba masa ma an manta. Abin da ya rage na gan shi jiya a ƙofar maƙera. Ina saɓa buhun a kafaɗa Auwalu ya sha gabana, ya rusuna kamar yadda ubansa ya koya masa, ya ce, "Baffa, kawo in riƙe maka."

Na ba shi. Shi ya ɗauko shi har gida, yana gaba ina baya, yana gaishe da duk wanda muka haɗu da shi a hanya.