Malama Otilia, Wadda Ta Ce Ilinca Ta Amsa

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, ina cikin murza ƙullin burodi maƙwabciyata ta leƙo ta kan shinge ta ce Malama Otilia Barsan ta rasu, zuciyarta ce ta tsaya. Allah ne Ya ba mu ke, Shi ne kuma Ya karɓe ki. Amma ba zan ɓoye miki ba Malama, takaicina ya fi hawayena yawa.

Ke kaɗai ce mai sauraron damuwar yara a makarantun garinmu da ƙauyukan kewaye, kina yawo a tsohuwar motarki da sai an tura take tashi. Ni Domnica, ta dalilin Ilinca 'yar ƙanena na san ki. Iyayenta suna Italiya suna jinyar tsofaffin wasu, kamar rabin iyayen unguwarmu, suka bar ta a hannuna da na kakanta. Tana shekara goma sha biyu kakan ya rasu. Muka rufe madubai, muka ajiye ruwa a taga saboda ransa, yadda aka saba. Ba a kai sadakar arba'in ba yarinya ta fara jin yana kiran sunanta, a kicin, a hanyar makaranta. Da ta faɗa, Iya Saveta mai wankan gawa ta dafe ƙirji ta ce, "Kul, 'yar nan, kada ki amsa! Wanda ya amsa kiran mamaci shi ne na gaba."

Shi ke nan, yarinya ta daina amsa kiran kowa, har nawa, don ba ta san wace murya ce ta mai rai ba. Barci ya ƙaurace mata, abinci sai da faɗa. 'Yan ajinsu suka laƙaba mata Amaryar Kabari. Wasu suka ce a kai ta gidan sufayen coci a yi mata addu'ar korar aljanu, wasu suka ce asibitin mahaukata. Kowa da maganinsa, ba wanda ya zauna ya tambayi yarinyar komai.

Sai ke kika zo, kika zauna a kicin ɗina kina cin gurasa da cuku kamar 'yar gida. Kika tambayi Ilinca yaushe rabonta da barci, yaushe rabonta da ganin uwarta ba ta waya ba, wa ke zama kusa da ita a aji. Da za ki tafi kika ja ni gefe kika ce, "Gwaggon Ilinca, yara da yawa suna jin irin wannan, ga mafi yawansu kuma yakan wuce. Rashi ne, da kewar uwa, da tsangwama, da rashin barci, tsoro kuma shi ke ƙara masa ƙarfi. Likita zai duba ta, ba za mu yi ganganci ba. Amma don Allah ku daina firgita ta."

Ita kuma kika ce mata, "In ya kira, ki amsa. Ki ce, 'Na'am Kaka, ina aikin makaranta, sai an jima.'" Iya Saveta ta tare ki a bakin coci ta ce za ki kashe 'yar mutane. Kika yi dariya kika ce, "Haba Iya, tun da mijina ya rasu nake amsa masa, ga ni nan sai ƙiba nake yi." A hankali Ilinca ta soma barci, ta koma aji, muryar ta yi nisa har ta zama sai jefi-jefi.

To, ga abin da ke cin raina. Ranar jana'izarki, ana rabon dafaffiyar alkama da zuma, a gaban idona Iya Saveta ta riƙo hannun Ilinca ta ce, "Kin gani ko? Ta yi ta amsawa, ga shi sun tafi da ita. Yanzu kuma ke za ta kira." Wallahi ba don girman wurin ba, da na kifa mata kwanon a ka. Wahalar da kika sha a kan yarinyar nan, tsohuwa tana neman rushe ta da baki ɗaya! Na je makaranta na tambaya wa za a turo a madadinki, aka ce babu kowa, a yi haƙuri. Haƙurin me? Yaran ƙauyukan nan da ke jin abin da suke tsoron faɗa, wa za su gaya wa, Iya Saveta?

Jiya da hantsi na tarar da Ilinca tsaye a taga, shiru. Na kira ta, ba ta juyo ba. Na sake kira. Sai ta waiwayo ta ce, "Na'am Gwaggo, yi haƙuri, Malama ce ta riga ki. Na ce mata ina da jarrabawa, sai an jima."

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya sa kin huta. Ina yi wa ɗanki Tudor da ƙanwarki Zamfira ta'aziyya, Allah Ya ba su dangana. Mu kuma Ya ba mu wadda za ta maye gurbinki. Kafin nan, Malama, in kin kira Ilinca, za ta amsa.