Malam Aradu da Farin Gari

A ɗakin gwaje-gwajen jami'a da ke hawa na biyu babu mai kiransa da sunan yanka. Malam Aradu suke ce masa, kuma ba don faɗa ba, domin mutum ne da ko ƙuda ba ya kora da zafi. Atishawarsa ce ta jawo masa sunan. In ya sake ta, kwalaben da ke kan kanta sai sun amsa, masu shara a ƙasa su ɗaga kai su ce, "To, Malam ya iso."

Gado ya yi wajen kakarsa ta wajen uwa, wadda aka ce atishawarta tana tarwatsa kajin maƙwabta. Mahaifinsa tela ne, ya so ya zaunar da shi a kan keke, amma ƙurar yadi ta hana ruwa gudu. Ya gwada aikin injin niƙa, nan ma mai injin ya sallame shi da kyakkyawar addu'a, ya ce garin mutane na ƙarewa a iska. Daga nan ya koma makaranta ya karanci aikin ɗakin gwaji. Ranar da ya fara shiga ya ga daɓe a goge, tebur yana ƙyalli, ya ce a ransa ya samu wurin zama. Sai dai hanci irin nasa ba ya neman dalili.

Aikin ɗakin nasu shi ne fitar da furotin, wato sinadarin gina jiki, daga ganyen wake don nazari. Matsalar ita ce, da zarar an niƙa ganyen, akwai wasu sinadarai a cikinsa da ke far wa furotin ɗin su daddatsa shi, kamar awaki sun samu gona ba shinge. Abin da ke ɗaure musu baki wani farin gari ne a cikin 'yar kwalba mai hoton ƙoƙon kai. Sunansa na boko ya fi ƙarfin harshe, don haka kowa farin gari yake ce masa. Shi kuwa garin bai san bambancin ganye da mutum ba. Yana ƙona fata, yana cin ido, wanda ya shaƙe shi ko ya haɗiye kuwa sai asibiti. Ga shi da rashin nauyi, numfashi mai ƙarfi ma yana iya tashinsa.

Saboda haka ba a buɗe kwalbar sai cikin akwatin zuƙe iska, wani akwati mai ƙofar gilashi da fanka a sama mai janye duk abin da ya tashi. A nan ake auna shi, a narkar da shi cikin sifirit, tunda a ruwa ba ya daɗewa yake lalacewa, sannan a zuba a ƙananan kwalabe a ajiye a firiza.

Shekara da shekaru Malam Aradu bai taɓa riƙe cokalin awon ba. Akwai abokiyar aikinsa, wata mace mai sanyin hannu da suke kira Uwar Sikeli, ita ce mai awo. In za ta buɗe kwalbar sai ta leƙo ta ce, "Yaya, fita ka sha iska." Shi kuma ya fita ba musu, ya tsaya a baranda yana kallon masu wucewa har ta ƙwanƙwasa taga. Sauran aikin kuwa, niƙa ganye a kan ƙanƙara da ɗiga narkakken garin a daidai lokaci, duk nasa ne, kuma babu mai kama ƙafarsa.

Ana nan sai Uwar Sikeli ta tafi hutun haihuwa. Kafin ta tafi ta cika firiza da kwalabe, ta ce za su kai har ta dawo. Ashe tagwaye ne, hutu ya ƙaru, kwalabe suka ƙare. Dakta, shugabar ɗakin, ta kira shi ofis. Hannunta na dama yana cikin filasta saboda zamewar da ta yi a matakala.

"Malam, ganye ya iso, ba zai jira mu ba," ta ce. "In ba za ka iya ba kada ka ji nauyi, sai in roƙi ɗakin sama su aiko mana wani."

"Ranki ya daɗe, a bar ni in yi shawara da hancina zuwa gobe," ya ce.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, yana zaton za ta ce ya rufa wa kansa asiri. Tana ninke kayan wanki ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, yanzu da furfurarka a aro maka wani daga sama saboda gari cokali guda?"

"Ke ba ki san garin ba ne."

"Na dai san ka. A sallah ba ka taɓa sakin atishawa cikin sahu ba, sai an yi sallama kake firgita liman. Wanda ya iya riƙe ta a can zai iya riƙe ta a ko'ina."

A daren ya yanke shawarar shi zai yi awon.

Washegari bai shafa turare ba. Ya roƙi mai shara ta bar hawa na biyu sai da rana. Kafin ya shiga ya tsaya a tsakar harabar ya kalli rana da gangan, ya sauke atishawar da ke kusa, har mai gadi ya ce masa sannu. Sannan ya sa farar riga ya ɓalla maɓallanta har wuya, ya sa tabarau na kariya da takunkumi, ya ninka safar hannu biyu. Ya kunna fankar akwatin, ya riƙe 'yar takarda a bakin ƙofar ya ga iska na janta ciki. Dakta ta ja kujera ta zauna daga nesa, don ba a yin wannan aiki mutum shi kaɗai.

Ya buɗe kwalbar, ya ɗebo garin a bakin cokali. Hannunsa na tsakiyar hanya zuwa sikeli sai ya ji ta. Can ƙasan hanci ta fara, kamar tururuwa tana hawa dutse. Idanunsa suka cika da ruwa a bayan tabarau.

Abin da ya fara zo masa shi ne ya yi sauri ya gama. Ya kori wannan tunani. Ya kwantar da cokalin a kan takardar awo, ya murɗa murfin kwalbar har ya kama, ya sauke ƙofar gilashi. Ya zare safar waje ya jefa a bokitin shara mai guba, ya nufi ƙofa yana tafiya irin ta mai ɗauke da kwan da ya tsage. Ya kai baranda, ya ja ƙofa ta rufu, sannan ya sake ta. Aka ce wani malami a hawa na uku ya zubar da shayinsa.

Da ya dawo Dakta tana dariya har da dafe filasta. Shi bai yi dariya ba. Ya ga 'yan ƙwayoyin gari a daɓen akwatin inda cokali ya girgiza, ya kuma ga wani ɗigo fari a bakin hannun rigarsa, dab da inda safa ta ƙare.

"Ranki ya daɗe, ya zuba," ya ce, yana nuna mata. "Kuma ban tabbata bai taɓa ni ba."

Dariya ta ɗauke. Ta taya shi cire rigar da hannunta mai lafiya bayan ta sa safa, suka ƙulle ta a leda. Ya tara wuyan hannunsa a famfo, ruwa na zuba har yatsunsa suka yi sanyi, duk lokacin da ya ce ya isa sai ta ce da saura. Daga nan ta tura shi asibitin ma'aikata da sunan garin a takarda. Nas ɗin ta duba fatar ta ga babu ja babu kumburi, ta auna numfashinsa, ta ce, "Baba, kai ne ka yi ta ɗazu? Mun zaci taya ce ta fashe."

Bai wuce gida ba. Ya koma ya sa sabuwar riga da sababbin safa, ya goge garin da takarda mai laima, ba da buroshi ba don kada ya tashi, ya bi wurin da ruwan soda mai kashe ƙarfinsa, ya zuba komai a bokitin guba. Sannan ya sake buɗe kwalbar ya gama awon, ya narkar, ya jera kwalabe a firiza, kowace da kwanan wata da alamar haɗari. Ganyen wake bai lalace ba.

Lokacin da Uwar Sikeli ta dawo, ta buɗe firiza ta daɗe tana jujjuya kwalaben, tana neman abin da za ta kushe. Ba ta samu ba, kuma da alama hakan bai yi mata daɗi sosai ba.

"Yaya, wa ya taɓa min kujerar awo?" ta ce daga ƙarshe. "An ɗaga ta."

"Ni ne, ƙanwata. Ƙafafuna sun fi naki tsawo."

"To a mayar min da ita."

Ya durƙusa ya mayar. Daga ranar suka riƙa karɓa-karɓa, wata guda ita, wata guda shi, kuma har ya yi ritaya ba su daina rigimar kujerar ba. Yanzu yana gida yana kiwon tantabaru a bayan ɗaki. Tagwayen Uwar Sikeli kan zo ranar Asabar su taya shi zuba musu hatsi, su tafi da ƙwai a aljihu, rabi ya fashe kafin su kai gida.