Kunnen Sa a Cikin Toka

Bakina ne ya jawo mini, ba wani ba. Tun ina ƙarama an san ni a gidanmu: in aka yi mini dariya sai na yi ta ƙara gishiri har mai dariyar ya yi shiru. Na girma, na zama malamar ilimin halittu a wani kolej a Magarya, amma halin nan bai sake ni ba.

Bayan kakar wata shekara na je ƙauyenmu, can wajen Dogo-Dogo, in kwana biyu. Da la'asar na tarar da Baba a turke yana cire wa sansa kaska. Jan sa ne, tsoho, shi ke jan garma da damina, ya ja amalanke da rani. Baba bai taɓa sa masa suna ba, "mutumina" kawai yake ce masa. In an ɗora kaya a gona, ko babu kowa a kan amalanken sai ya kawo su ƙofar gida ya tsaya.

Baba ya shafa bayansa ya ce, "Uwata, kin ga abin da ke ci mini rai? Da hannuna na dandaƙe shi yana ɗan maraƙi. Ga shi zai tafi bai bar iri ba."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Kuma a lokacin, duk abin mamakin da ya ji a rediyo ni yake juyowa ya tambaya ko gaskiya ne.

To a satin nan na koyar da ɗalibaina darasin yadda ake kwafo dabba daga ƙwayar halittarta, yana nan ɗanye a kaina. Sai na ce masa ai yanzu a ƙasashen waje ba sai da bijimi ba. Ɗan guntun fatar kunne ake yanka, a ciro ƙwayar halitta guda daga ciki, a sa ta a ƙwan saniya da aka kwashe abin da ke cikinsa, a mayar cikin mahaifar wata saniyar. Wata tara ta haifo maraƙi, sak mai kunnen.

Yayana, wanda ke noma tare da Baba, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce 'yan lakwal, wato mu 'yan boko, dai ba sa rabuwa da ƙarya. Kai, ran nan na hau! Na ciro waya na nuna musu hotuna, na rantse, na ƙara rantsewa.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ko dandaƙaƙƙe?"

Na ce, "Ko dandaƙaƙƙe, Baba."

"Daga kunne kawai?"

"Daga kunne kawai."

Ban yi ƙarya ba, amma rabi na faɗa. Ban ce ɗanyen kunne ake so, wanda ƙwayoyinsa ke da rai, a jefa shi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nan take ba. Ban ce babu inda ake yin haka ko kusa da mu ba. Ni dai burina Yaya ya rufe baki, ya kuwa rufe.

Da bazara san ya kwanta ya kasa tashi, aka yanka shi kafin ya mutu. Yaya ya bugo ya gaya mini, na yi jaje, na ci gaba da harkata. Kwana biyar bayan nan na taso daga aji, sai ga Baba zaune a inuwar ƙofar gidana, motar kasuwa ta sauke shi. A cinyarsa akwai ɗan gora da aka liƙe bakinsa da laka.

Ya fasa lakar a hankali, ya zazzage toka a tafin hannunsa. A cikinta ga bakin kunnen sa, ya bushe ya nannaɗe kamar ganyen kuka.

Ya ce, "Tun da sauran ransa na yanka, kafin wuƙa ta kai wuya. Na shanya a inuwa, ban bari rana ta taɓa shi ba. Tokar don ƙwari ce."

Yadda yake ajiye irin wake ke nan tun kafin a haife ni, kuma irinsa bai taɓa ƙin tsirowa ba. Duk abin da ya sani na adana iri ya yi wa kunnen nan, kuma shi ne ya kashe shi. Ina kallo na san babu ƙwaya guda mai rai a ciki.

Ya miƙo mini ya ce, "Ki aika musu."

Na karɓa da hannu biyu na ce, "To, Baba."

Wannan "to" ɗin ta hana ni zama wuri guda sama da wata biyu. Na ɗora goran a kan kabad, na sauke, na sa a akwati, na fitar. In ina allo ina zana ƙwayar halitta sai alli ya tsaya a hannuna. Na yi wa ɗalibai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Har wajen likitan dabbobi na je, alhali na san amsar sarai. Ya juya kunnen da ɗan yatsa ya dube ni ya ce, "Madam, ke fa kike koyar da abin nan." Na tashi na fita ko sallama ban yi masa ba.

Duk ranar kasuwa kuma sai waya ta yi ƙara, Baba ne a wayar Yaya. "Uwata, an aika?" In ce ana neman hanya. Sati na gaba in ce mai kaiwa ya yi tafiya. Ni da nake cika baki ba na ƙarya, sai ga ni ina ƙera sabuwa kowane sati.

Rannan Yaya ya bugo shi kaɗai, a fusace. Ashe akwai karsana guda a gidan, wadda aka shirya sayarwa a sayi ɗan sa a horar da shi kafin ruwa. Baba ya hana. Ya ɗaure ta a turken mutuminsa, yana ba ta harawa da dusa, ya hana ta bin garke kada bijimi ya hau ta. Wai ita ce za ta ɗauki cikin. Yaya ya ce, "Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba mu da abin jan garma. Ke kika ɗaura, ki zo ki kwance."

Washegari na hau kabu-kabu da goran a jaka. Yashi ya yi ta kama tayar, ni kuwa ina ta yi wa mai tuƙin tsawa ya yi sauri, a raina ina fatan kada mu isa.

A gona na same shi yana ƙona kara. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goran a gabansa, na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Na ce kunnen ya mutu tun ranar da ya bushe. Na ce ko da ɗanye ne, ba ni da inda zan kai shi.

Ya tura kara cikin wutar. Sannan ya ce, "Ranar da na kawo miki, kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kika bar ni na dawo ina gaya wa mutane a masallaci."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ɗauki goran ya sa a aljihun rigarsa, ya koma kan aikinsa. Na tsaya a wurin ina kuka kamar yarinya, kunya ta rufe ni.

Kasuwar Dungas da ta biyo aka kai karsanar. An sayi ɗan sa, amma ruwan shuka ya riga ya sauka, shi kuma bai san garma ba. Rabin gonar kawai aka huɗe a shekarar, rumbu guda ya kwana babu komai.

Baba bai sake tayar da maganar ba, kuma har yau Uwata yake ce mini. Da sallar da ta wuce muna zaune a tsakar gida, rediyo ta ba da labarin wani sabon magani da aka haɗa daga jinin raƙumi. Na san abin, na ma koyar da shi, har na gyara zama. Baba ya rage muryar rediyon, ya juya wajen Yaya, wanda ko firamare bai gama ba, ya ce, "Kai, gaskiya ne wannan?"