Gashin Cuku Don Baba

Ganin gida na zo Daura, na tarar Baba ya tashi daga jinya, bakinsa ya ƙi komai, ko fura sai ya kawar da kai. Na daka busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar, na tuƙa shi da fulawa da man shanu da ƙwai, na gasa ƙanana-ƙanana a tukunya mai yashi. Suka kumbura, ga laushi. Ya ci, ya nemi ƙari.

Da hannuna na ɗaure kaina. Na koya wa matar yayana, amma ita sai ta ɗaga murfi ta leƙa, su kuwa da sun sha iska sai su lotse. Baba ya taɓa ɗaya ya ture farantin.

Maigidana ya gaji da kira daga Kano. Damina ta wuce, jakata tana nan bayan ƙofa. Kullum da hantsi ina tsugune gaban garwashi, ba halin buɗewa, ba halin tashi. In na kai masa sai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata. Gobe ma."