Munzali, Sun Ci Tuwonka Sun Buga Hoton Attahiru

Ranar Talata, tara ga Maris 1999, tirela ta take Munzali Halliru tsakanin Gusau da Tsafe. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ni Arzika na Ruwan Bore, kawunsa, ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, matarsa Suwaiba ta juya shi zuwa boko, na kuma hana ta sassauta kalma ko ɗaya.

Munzali, shekara biyu ka yi kana koya wa kwamfuta rubuta ajami. Ni na zana maka baƙaƙen a allo, kana dawo mini da wanda bai yi kyau ba, ina zaginka. Da ka gama, ka bar cikin aikin a buɗe: kowa ya duba, ya gyara, ya kwafa a faifai ya ba wani. Wani a Masar ya ƙara nasa, ka yi ta murna kamar an yi maka haihuwa.

Sai 'yan jarida. Ba su san komai ba, kai ka koya musu. Ka rubuta musu bayani shafi biyu, babu sunanka ko a gindi. Ka goya su a babur har Bungudu su ga makarantar allo da ta buga littafinta da aikinka. Suwaiba ta yi musu tuwo sau huɗu. Na ƙidaya lomar Yazid, babbansu. Ya tambaye ka, "Wane ne mai abin?" Ka ce, "Na kowa ne."

Na ja ka gefe, na ce, "Kai wawa, faɗi sunanka!" Ka yi dariya ka ce, "Kawu, aikin zai faɗa."

Bai faɗa ba. Yazid ya manta littafin rubutunsa a ɗakinka, ya kira daga Tsafe a kai masa. Hanyar da ta cinye ka ke nan. Littafin ya tsira, wani fasinja ya miƙa masa. Kwana takwas da binne ka labari ya fito da hoton Alhaji Attahiru, mai shagon Sabon Gari da ke ara maka kwamfuta, ya dafa ta, shi da bai san inda ake kunna ta ba.

Yazid, ba ka zo gaisuwa ba. Attahiru, kai kuwa ka zo, har ka karɓi barka a zauren makoki. Ni nake riƙe da asalin kowane gida a ƙasar nan, daga bakina jikokinku za su ji ko ku su wane ne.

Allah Ya jiƙan ka, Munzali, Ya yafe maka taurin kan da ka gada a wajena. Allah Ya ba Suwaiba da mahaifiyarka Inna Fatimatu haƙuri. Sauran kuwa, Allah Ya ja kwanansu, Ya ja nawa.