Taragon Da Na Kwantar A Ƙarƙashin Gada

Jama'a masu karatu, ku yi haƙuri da tsoho, yau zan amayar da abin da ya daɗe yana cin raina. A zamanin shugaban ƙasarmu na farko ni matashi ne a Garwa, ina ƙera fitilar aci-balbal da mazurari da gwangwani a bakin kasuwa. Hannuna yana da kyau, ba yabon kai ba, amma ina da zuciyar tsiya: ka zage ni in yi dariya, ka kushe aikina kuwa sai an riƙe ni.

Da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare na je na gan shi sau ɗaya, shi ke nan ya shiga raina. Na dawo na share zauren gidanmu na fara gina nawa ɗan ƙarami a kan tsohon ƙyaure. Ƙarfen laima na miƙe ya zama layin dogo, tsinken ashana ya zama katakon ƙarƙashinsa, na rairayo tsakuwa daga bakin Binuwai. Taragu kuwa gwangwanin sardin ne, ina liƙa su da dalma, in shafa musu jar ƙasa da baƙin tukunya har su yi kamar sun sha tafiya. Abin da ban sani ba mijin yayata ke faɗa mini. Lebura ne a layin dogo, mutum mai sanyin hali, in ya zo hutu sai ya tsuguna yana gyara mini, yana tsokanata wai injiniya ba takarda.

Wani zuwa da ya yi na ga ba ya cin abinci. Da na matsa, ya ja ni gefe ya ce wani tarago ya kauce daga wata gada a daji, su aka kwasa suka yi aikin, kuma ba buhuna kaɗai suka ciro ba. An tara su an ce wanda ya yi zancen ya kuka da kansa, rediyo ma bai ce uffan ba. Ya roƙe ni in bar maganar a cikina. Wallahi ban faɗa wa kowa ba. Amma hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, har na gina gadar da ƙafafunta yadda ya kwatanta, na lanƙwasa tarago ɗaya na kwantar a ƙarƙashinta, na rubuta masa lambar da ya ambata. A wautata, ai ban yi magana ba.

Mutane suka yi ta zuwa kallo. Limamin unguwarmu ya tsaya a kan taragon nan ya daɗe, sannan ya ce in ɗauke shi, ba duk abin da kunne ya ji hannu ke ƙerawa ba. Na ce to, ban ɗauke ba, don duk cikin aikin nan shi ya fi kyau.

Ranar wata Laraba da hantsi wani baƙo ya yi sallama, mai tsabta, da takalmi sau-ciki. Ya gaishe ni da Fulatanci, ya juya Hausa, ya yi ta yaba aikin har kaina ya kumbura. Da ya zo kan gadar sai ya yi dariya, ya ce nan kam na yi shirme, tarago ba ya faɗuwa haka, kuma wannan lamba ƙirƙirarta na yi. Nan fa jinina ya hau. Na ce masa ni ba na aikin ƙarya, wanda ya ɗaga taragon da hannunsa shi ya faɗa mini, mijin yayata ne, na faɗi sunansa da inda yake aiki. Ko marina bai yi ba, ko tsawa. Ya daina dariya, ya ciro ɗan littafi ya kwafe lambar, ya yi mini godiya. Fitarsa ke da wuya na lura duk 'yan kallo sun zame, zauren ya rage daga ni sai jirgina.

Kwana tara ina jiran a zo a tafi da ni, ko motar jami'an tsaro na jandarma ta wuce sai in leƙa ƙofa. Ba wanda ya zo. Mijin yayata aka ɗauka, da rana tsaka, a gaban abokan aikinsa. Yayata ta dawo gidanmu da 'ya'ya huɗu, kullum sai ta ratsa zauren nan, tana tambayar Allah wane maƙiyi ne ya kai mijinta. Ni kuwa ina zaune ina cewa amin.

Bayan damina uku aka sako shi, ba haƙoran gaba, hannunsa na dama ba ya riƙe ko moɗa. Ya shigo zauren ya tarar na rushe komai. Ya dube ni ya ce sun nuna masa lambar, kuma mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa. Ya ce kada in gaya wa yayata, ɗan'uwa ɗaya gare ta. Har ya rasu bai sake kirana injiniya ba.

Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya, ni na ƙara da hannu. Ku masu sana'a, in an ba ku amanar magana, kada ku sa ta a cikin aikinku, kuma in baƙo ya kushe ku, ku bar shi ya tafi da gaskiyarsa. Yayata ta rasu bara tana sa mini albarka, ban iya buɗe baki na nemi gafararta ba.